Yadda Ake Karanta Kalmomin Italiyanci Masu Neman Taushi a Takardar Kiɗa

Wata ranar Asabar da yamma, cikin hunturun bara, ina zaune a bayan wani aji a unguwar Tudun Wada ta garin Gombe, inda mawaƙan wata majami'a suke bitar waƙar da za su rera a wani ɗaurin aure, sai na ga shugabansu ya tsayar da su har sau uku a wuri guda, kowane karo yana cewa, "A hankali mana, jama'a, a hankali." A karo na farko suka rage sauri har waƙar ta koma jan ƙafa. A na biyu suka rage murya har mazan da ke layin baya suka nutse cikin rurin janareta. A na uku suka haɗa biyun, numfashi ya gaza, muryoyin suka zame ƙasa suka bar fiyano shi kaɗai a sama. Sai wata dattijuwa daga cikin 'yan zumuntar mata, wadda ta girmi kowa a ajin, ta sauke takardarta ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, wane hankalin kake nufi, na tafiya ko na murya?" Malamin ya ce, "Mama, ni ma abin da aka rubuta nake bi," ya miƙo mini takardar. Kalmar da ke saman layin ita ce dolce, wadda ba ta nufin ko ɗaya daga cikin biyun.

Tambayar nan ta Mama ita ce ta kama bakin zaren. "A hankali" ɗinmu na ɗauke da kaya uku a kai guda, wato rashin sauri, da rashin ƙara, da tausasawa, kuma a zancen yau da kullum hakan bai taɓa damun kowa ba, domin yarinyar da aka ce wa ta sauke tulu a hankali ta san abin da ake nufi. A takardar kiɗa kuwa an raba kayan nan uku, kowanne da kalmominsa da mazauninsa a shafi, saboda haka aikin farko na duk mai son ya kaɗa ko ya rera abu da taushi shi ne ya gane dangin da kalmar da ke gabansa ta fito. Kalmomin sauri, irin su adagio da lento da andante, galibi suna zaune ne a can sama ta hannun hagu, a farkon kiɗan, da manyan haruffa. Alamomin ƙara kuwa haruffa ne gajeru da ake sawa kusa da layukan, p (ƙasa-ƙasa) ko pp (ƙasa ƙwarai) ko mp (ƙasa-ƙasa matsakaici). Dangi na uku, wanda shi ne abin maganarmu, kalmomi ne da ake rubutawa da ƙananan haruffa a karkace, duk inda mai tsara kiɗan ya ga ana bukatarsu, kuma suna magana ne a kan halin sautin. Gwajin da nake ba ɗalibaina mai sauƙi ne: in agogo zai iya auna abin da kalmar ta nema, ta sauri ce, in maɓallin rage murya na rediyo zai iya biyan bukatarta, ta ƙara ce, in duka biyun sun kasa, to kalmar hali ce, kuma yatsu da numfashi kaɗai ke iya yin ta. Gaskiya ne cewa dolce ta fi yawan zuwa tare da p, kuma in ta zo ita kaɗai makaɗa sukan ɗan sassauta, amma ba abin mamaki ba ne ka gan ta tare da mf (ƙarfi matsakaici), inda ake son sauti ya cika ɗaki ba tare da ya yi kaushi ba.

Dalilin da ya sa Bahaushe a Gombe, da Bajamushe, da mutumin Japan duk suke karanta umarni da Italiyanci yana komawa ne ga ƙarni biyu da Italiya ta yi tana jan ragamar kiɗan Turai. A birnin Benis ne Ottaviano Petrucci ya buga littafin kiɗa mai muryoyi da yawa da injin ɗab'i a 1501, birnin ya zama kasuwar takardun kiɗa. A can ne kuma, a 1597, aka buga wani kiɗa na Giovanni Gabrieli wanda sunansa ma ya ƙunshi kalmomin pian da forte, yana cikin na farko-farko da aka rubuta wa makaɗa inda za su sassauta da inda za su ƙarfafa. Wajen 1600 aka fara wasan kwaikwayo na waƙa zalla, wato opera, a birnin Fulorens, kuma a 1637 aka buɗe gidan opera na farko da kowa zai biya kuɗi ya shiga a Benis. Wannan sabon salo ne ya fi kowane bukatar kalmomin hali, domin mawaƙi guda ne yake tsayawa ya nuna bege ko kuka ko lallashi, kuma dole a gaya masa wanne ake so. Daga nan fadojin Turai suka riƙa ɗaukar makaɗan Italiya aiki, matasan wasu ƙasashe kuma suna zuwa can koyo, kamar yadda wani Bajamushe mai suna Handel ya yi daga 1706 zuwa 1710, har ta kai a 1703 wani Bafaranshe mai suna Sébastien de Brossard ya wallafa ƙamus na kiɗa wanda yawancin aikinsa bayyana wa 'yan ƙasarsa kalmomin Italiyanci ne. Ko sunan fiyano daga nan ya fito, domin Bartolomeo Cristofori ya ƙera shi a Fulorens wajen 1700, aka yi masa laƙabi da abin kiɗa mai piano e forte, wato mai iya sassautawa da ƙarfafawa gwargwadon taɓin yatsa. Kalmar piano kanta ta samo asali daga planus ta Latin, harshen tsohuwar daular Rum, mai nufin shimfiɗaɗɗen abu marar tudu, kuma a bakin Italiyawa har yau tana nufin sannu-sannu kamar yadda take nufin ƙasa-ƙasa. Ashe su ma suna da irin "a hankali" ɗinmu. Makaɗa ne suka tsare kalmar a kan ƙara kaɗai.

Kafin a shiga ma'ana, ya kamata a gyara furuci, kuma a nan Bahaushe ya fi mai jin Turanci sa'a. Harafin c in ya zo kafin e ko i, Italiyawa suna furta shi daidai da yadda muke furta shi a "ci" da "ce", saboda haka dolce da voce ka karanta su kamar Hausa ce aka rubuta maka. In ya zo kafin a ko o ko u sai ya koma k, shi ya sa ake cewa kantabile da kalando. Harafin g kafin e ko i yana zama j. Baƙaƙen da aka ninka kuwa, kamar tt a sotto da affettuoso, ana riƙe su ne yadda muke riƙe nn a "hannu". Kowane wasali na ƙarshe ana furta shi, ba a haɗiye shi.

Abu na biyu da zai rage maka wahalar hadda shi ne sanin wutsiyoyin kalmomin. Wutsiyar -issimo tana kai abu ƙarshe, don haka dolcissimo zaƙi ne matuƙa. Wutsiyar -oso tana nufin cike da abu. Wutsiyar -ando ko -endo tana nuna abin da ke kan faruwa, yana canzawa kaɗan-kaɗan, ba wanda ake yi dare ɗaya ba. Sai ƙananan kalmomi masu rakiya: con shi ne "da", poco kaɗan, molto ƙwarai, più ƙari, sempre ko da yaushe, ma non troppo amma kada a wuce gona da iri. Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce -mente, domin asalinta kalmar Latin ce mens, mai nufin hankali ko zuciya. Da can kalmomi biyu ne ake faɗa, tenera mente, wato "da hankali mai taushi", daga baya suka manne suka zama teneramente. Mu da muke cewa "a hankali" mun bi hanyar da suka bi ba tare da mun san juna ba.

Dolce ta fito daga dulcis ta Latin, kuma ma'anarta ta zahiri zaƙi ne, irin na zuma. Abin zaƙin da ake ci bayan abinci ma da wannan suna Italiyawa ke kiransa. Mu ma muna cewa wance tana da zaƙin murya, sai dai zaƙin da takarda ke nema ya fi kusa da rashin kaifi a bakin sauti. Kowane sauti yana da baki, wato ɗan lokacin nan da yake farawa, kuma a nan ne kunne yake yanke hukuncin ko an buge shi ne ko an shafe shi. Ga mai fiyano, hanyar ita ce yatsa ya riga ya sauka a kan maɓalli kafin ya danna shi, ba ya faɗo masa daga sama ba, sannan nauyin dannawar ya fito daga hannu gaba ɗaya ta wuyan hannu mai sakewa, a yi amfani da tsokar kan yatsa maimakon tsininsa. Ga gwajin da ya fi amfani: ka ɗauki sautuka biyar, do re mi fa so, ka kunna na'urar ɗaukar murya ta wayarka, ka kaɗa su sau uku da sauri iri ɗaya da ƙara iri ɗaya. Na farko ka yi yadda ka saba, na biyu ka ɗaga yatsu ka sare su da gangan, na uku ka bar yatsun manne da maɓallan, kada ka saki sauti sai na gaba da shi ya riga ya fito, wanda shi ne ake kira legato, daga legare, ɗaurewa. In ka saurara ka kasa bambance na farko da na uku, to da sauran aiki, kuma gara ka maimaita wannan minti goma kullum na mako guda da ka yi ta bin waƙa gaba ɗaya kana fatan zaƙi ya zo da kansa. Kuskuren da na fi gani wajen masu kaɗa wa majami'u da masu kiɗan sutudiyo shi ne hannun hagu. Komai taushin hannun dama, in hagu yana dukan sautuka uku-uku kamar mai daka, zaƙin ya tafi. A rage hagu ya koma ƙarƙashin dama da mataki guda, in dama tana mp hagu ya tsaya a p.

Tenero, da 'yan uwanta teneramente da con tenerezza, sun fito daga tener, wadda a Latin ake faɗa wa duk abin da yake ɗanye bai ƙosa ba, kamar sabon toho ko jariri, kuma Italiyawa suna kiran nama mai laushi da ita. Bambancinta da dolce yana da siriri amma yana nan. Dolce tana siffanta sautin, ita kuwa tenero tana siffanta mai riƙe da sautin. Ka tuna yadda ake miƙa wa mutum jariri ranar suna: ba ya matse shi, ba ya kuma sake masa hannu, domin sako-sako a nan haɗari ne. Haka ake riƙe jimlar kiɗa mai teneramente, da kulawa a farkonta, da kulawa mafi yawa a ƙarshenta. Sautin ƙarshe na kowace jimla shi ne inda makaɗa suke tona wa kansu asiri, domin hankali ya riga ya tafi jimla ta gaba, sai yatsa ya jefar da shi. Dokar ita ce na ƙarshe ya fi wanda ya gabace shi sauƙi, a kuma ɗaga hannu daga wuyansa, yatsa ya biyo baya. Brahms, wani Bajamushe mai tsara kiɗa, ya rubuta andante teneramente a saman wani ɗan gajeren kiɗan fiyano da ya tsara a 1893, na biyu a jerin da ke ɗauke da lamba 118, kuma yana da kyau a lura da kalmar farko, domin andante daga andare take, wato tafiya. Mai ɗauke da jaririn yana tafiya ne, bai tsaya ba. Duk wanda ya ja wannan kiɗa har ya rasa takunsa ya bi kalma ta biyu ya taka ta farko.

Affettuoso tana nufin cike da affetto, daga affectus ta Latin, wato abin da ya taɓa zuciya ya motsa ta, kuma kalma ce da ta yi tashe a zamanin da masana kiɗan Turai suke ganin aikin kowane kiɗa shi ne ya tayar da hali guda a zuciyar mai sauraro. Ta fi tenero ɗumi da kusanci, irin na shaƙuwar dangi. A aikace tana son a ɗan jingina a kan sautin da ya yi karo da rakiyarsa, sannan a saki a kan wanda ya warware karon, kamar ajiyar zuciya. A nan akwai darasi babba ga duk wanda fiyanonsa na lantarki ƙarami ne, irin wanda ko ka danna da ƙarfi ko da sauƙi ƙararsa ɗaya ce, kuma na san su ne suka fi yawa a ƙananan majami'u daga nan har Billiri da Kaltungo. Bach, shi ma Bajamushe mai tsara kiɗa, ya sa affettuoso a kan kashi na biyu na kiɗa na biyar cikin shida da ya miƙa wa wani basaraken Brandenburg a 1721, kuma kayan kiɗa uku ne kaɗai ke kaɗa wannan kashi: sarewa, da gogen Turawa, da wani kakan fiyano wanda tsinkar tsarkiya yake yi kamar molo, taɓin yatsa ba ya canza ƙararsa wani abin kirki. Makaɗansa suna samun taushi ne ta hanyar lokaci. Sukan bar sauti ya ɗan haura kan na gaba da shi, sukan buɗe sautukan da ake dannawa tare ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa zuwa sama maimakon a sauke su tim, sukan jinkirta sauti mai muhimmanci da ƙiftawar ido, sukan kuma rage yawan sautukan rakiya inda ake son sanyi. Duk waɗannan suna aiki a kan fiyano mafi araha. Amma kafin ka yanke wa naka hukunci, ka duba cikin saitinsa, domin da yawa daga cikin na Yamaha da Casio suna da wurin kunna jin nauyin yatsa, kuma na sha tarar da shi a kashe shekara da shekaru, mai shi bai sani ba.

Amoroso da con amore ba su bukatar dogon bayani, daga amor suke, soyayya. Mozart ya rubuta andante amoroso a wani kiɗan fiyano da ya tsara wajen 1775, bai kai shekara 20 ba. Gargaɗina ɗaya ne a kansu, kada a mayar da bege shagwaɓa; a ra'ayina ja da lanƙwasa kowane sauti, wanda wasu mawaƙanmu suka ɗauka shi ne nuna so, gajiyar da kunne yake yi. Soave daga suavis take, sanyi mai daɗi marar gargada. Delicato tana neman tsanaki da sauƙin taɓi. Carezzevole daga carezza take, shafa ta ƙauna. Lusingando kuwa lallami ne, har da ɗan daɗin baki, irin na mai neman a yafe masa.

Cantabile ta cancanci a dakata a kanta, domin ita ce ta fi kowace zama kusa da kunnen Bahaushe. Daga cantare take, rera waƙa, kuma tana nufin abin da zai reru. Ana rubuta ta ne ga mai kayan kiɗa, ana ce masa ya sa abin hannunsa ya yi waƙa kamar maƙogwaro, abin da masu goge da kukuma suke yi tun kaka da kakanni har mu ce gogen wane yana magana. Hanyar koyonta ita ce ka ajiye kayan kiɗan tukuna ka rera layin da bakinka, ka ɗauki fensir ka yi alama duk inda numfashi ya tilasta maka tsayawa, da kuma sautin da muryarka ta fi cika a kansa, sannan ka koma ka kaɗa kana girmama waɗannan alamomin kamar yatsunka ma suna da huhu. Fiyano yana da wata naƙasa da murya ba ta da ita, wato sautinsa yana fara mutuwa tun daga lokacin da aka danna shi, don haka bayan dogon sauti sai ka saurari inda ƙararsa ta sauka, ka shigo da na gaba daidai wurin, in ba haka ba zai fito kamar tuntuɓe. A adagio cantabile na Beethoven, a kiɗan fiyanon da aka buga a 1799, hannun dama guda ne yake ɗauke da waƙar a sama da wani ɓangare na rakiya a tsakiya, kuma wannan shi ne gwaji na gaske: yatsun gefen ƙaramin yatsa su yi nauyi, na gefen babban yatsa su yi sauƙi, a hannu ɗaya, a lokaci ɗaya. A fara koyon haka da hannu biyu, a saba wa kunne da yadda ya kamata ya fito, sannan a mayar wa hannu guda.

Espressivo, wadda ake gajarcewa espr., asalinta matso abu ne daga ciki ya fito waje, kamar yadda ake matse mai daga tunkuza, kuma izini ne na a ɗan ƙara a ɗan rage cikin jimla. Tana yawan tafiya da rubato, daga rubare, sata, inda ake satar ɗan lokaci daga wani sauti a ba wani. Ga mai kaɗa wa jama'a masu waƙa tare, shawarata ita ce abin da aka sata a farkon jimla a mayar kafin ƙarshenta, domin taron mutum ɗari biyu ba zai iya bin son ran mutum guda ba.

Akwai wani rukuni da ya tsallaka iyakar da na shata a farko, domin yana taɓa ƙara, sau da yawa har da sauri, kuma dukkan kalmominsa da -ando ko -endo ko makamancinsu suke ƙarewa. Calando sauka ce. Smorzando kashe wuta ne sannu-sannu, kamar mai murɗa lagwanin fitilar ƙwai ƙasa. Morendo mutuwa ce. Perdendosi ɓacewa ce, irin ta sarewar makiyayi da ke nisa da kai har ka kasa cewa ga lokacin da ka daina jin ta. A nan ne mawaƙa suke faɗuwa, a zahiri, domin da zarar an rage murya sai a rage numfashi, sautin kuma ya zame ƙasa da mazauninsa. Maganin shi ne a gane cewa waƙa ƙasa-ƙasa ta fi waƙa da ƙarfi cin ƙarfin ciki. A riƙe iska daga ƙasan haƙarƙari, a bar baki a buɗe yadda yake, kuma a dogon sauti na ƙarshe kada kowa ya ja numfashi tare da maƙwabcinsa, a riƙa yi bi da bi yadda ba za a ji giɓi ba. Kuskure na biyu shi ne gaggawar mutuwa. In morendo ta shafi gaɓa huɗu, kada a ƙarar da murya a ta farko. A fara da ɗan abin da za a rage.

Sotto voce tana nufin ƙarƙashin murya, irin yadda ake magana a ɗakin da majiyyaci yake barci, mezza voce kuma rabin murya. Ko ɗaya ba raɗa ba ce, domin raɗa iska ce ba sauti. Ga masu rera waƙa da Hausa akwai ƙarin nauyi a nan, saboda harshenmu yana rataye ne da tsawon wasali da kuma ɓ da ɗ da ƙ, kuma su ne farkon abin da ke narkewa in an sassauta murya. Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi tsawon wasali ne ya raba su. Saboda haka gwargwadon yadda murya ta yi ƙasa, gwargwadon yadda leɓe da harshe za su ƙara aiki. Ga 'yan badujala masu busa, taushi yana farawa ne daga harshe da iska: a buɗe sauti da "du" maimakon "tu", a kuma hura iska mai ɗumi irin wadda ake hura wa madubi in za a goge shi, ba irin wadda ake hura wa gawayi ba.

Idan ka ci karo da una corda, wato tsarkiya guda, umarni ne na taka fedar hagu ta babban fiyano, wadda take gusar da guduma gefe kaɗan don kada ta bugi dukkan tsarkiyoyin sauti, sai amon ya dushe kamar an rufa masa mayafi; tre corde, tsarkiya uku, ita ce ke cewa a saki. Yawancin fiyanonmu na lantarki feda guda gare su, ta riƙe sauti, kuma ba ita ake nufi ba. Ita wannan ma a yi hattara da ita, domin masu koyo sukan take ta su manta, suna zaton amon da ke cakuɗewa shi ne taushi. A ɗaga ƙafa duk lokacin da rakiya ta canza, daidai bayan yatsu sun sauka a kan sabuwar. In kuma takardar ta Jamusawa ce ko Faransawa, za ka iya tarar da zart ko innig a ta farko, doux ko tendrement a ta biyu, domin Faransawa sun daɗe suna rubuta umarni da harshensu, wasu Jamusawa irin su Beethoven da Schumann su ma sun yi haka. Ma'anonin suna nan kusa da waɗanda muka bi.

Idan sabuwar takarda ta zo hannunka, kafin ka taɓa maɓalli ko ka tara mawaƙa, ka bi ta da fensir daga farko zuwa ƙarshe, ka zagaye kowace kalmar hali, ka rubuta mata Hausarta guda ɗaya a samanta: zaƙi a kan dolce, reno a kan teneramente, shaƙuwa a kan affettuoso, rerawa a kan cantabile, lallami a kan lusingando. Ka ja layi zuwa inda ikonta ya ƙare, wanda yawanci shi ne ƙarshen jimlar ko inda wata alama ta karɓe ta, sai fa in an sa mata sempre. A wajen bita kuma ka haramta wa bakinka "a hankali", ka ce a rage sauri, ko a rage murya, ko a tausasa, kowanne da sunansa. Sannan ka kai takardar wajen yaron da ke kula da lasifika ka nuna masa wuraren da ka zagaye, domin in ba a gaya masa ba, da ya ji muryoyi sun yi ƙasa zai zaci makirfo ne ya samu matsala, ya murɗa ƙara sama.